Maɓuɓɓugan ormon da ƙa'idar awo a jikin ɗan Adam: abin da maƙoƙo ke koya mana

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana bayani a kan sassan jiki masu zuba sinadaran da ake kira ormon cikin jini, da yadda jiki yake auna yawansu. Mun ɗauki maƙoƙo a matsayin babban misali, sa'an nan ciwon sukari da ƙwayoyin ƙiba, domin mu nuna cewa ƙa'ida guda ce take bayyana su duka.

1. Gabatarwa

Makiyayi ya san cewa in aka fiɗiye maraƙi, tozonsa ba zai kai na bajimi ba, kuma ba zai yi faɗa irin nasa ba. Zai yi sanyin hali, ya yi kitse, ya yarda da ɗaukar kaya da jan garma. Ungozoma ta san cewa in aka sa jariri a nono da zarar an haife shi, mahaifa takan tsuke da sauri, jini ya ragu. Wannan sani ya daɗe a hannun mutanenmu. Abin da binciken zamani ya ƙara shi ne dalili: ta yaya cire wani ɗan sashe a ƙasan ciki zai sauya tozo da hali, kuma ta yaya tsotson nono zai kai labari ga mahaifa?

Amsar tana cikin jini. Akwai wasu ƙananan sassan jiki waɗanda aikinsu shi ne haɗa sinadari su zuba shi. A nan mun kira kowanne daga cikinsu maɓuɓɓuga. Wasu suna da magudana da ke fitar da abin da suka haɗa zuwa waje ko zuwa cikin hanji, kamar masu zufa, da masu miyau, da masu hawaye. Wasu kuwa ba su da magudana ko kaɗan, kai tsaye suke zuba nasu cikin jini. Waɗannan na biyun su ne abin nazarinmu, sinadarin da suke zubawa kuma shi ne ormon. Sunayen da Hausa ba ta da su mun rubuta su yadda ake furta su a gidajen likita na ƙasarmu, domin mai karatu ya gane su in ya ji su a bakin ma'aikacin kiwon lafiya.

2. Hanyoyi biyu na aika saƙo

Jiki yana da hanyoyi biyu na sadarwa. Ta farko ita ce ta jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka. Tana kama da wayar tarho: saƙo yana bin zare guda zuwa wuri guda, da saurin da kan kai mita 100 a daƙiƙa ɗaya, kuma aikinsa yakan ƙare nan take. Da ita mutum yake janye hannu daga garwashi.

Ta biyu ita ce ta ormon, wadda ta fi kama da sanarwar gidan rediyo. Sanarwa tana shiga kowane gida, amma wanda aka ambaci sunansa shi kaɗai yake tashi. Haka ormon yake bin jini ya zagaya jiki duka, amma ƙwayoyin halittar da ke da makarɓarsa su kaɗai suke amsawa. Wannan hanya ba ta da saurin ta farko, sai dai aikinta yana daɗewa: wani na mintoci, wani na kwanaki, wani kuma na shekaru, kamar girma da balaga.

An daɗe kafin a tabbatar da wannan hanya ta biyu. A shekara ta 1849 wani likitan Jamus, Arnold Berthold, ya fiɗiye ƴan zakaru, sa'an nan ya mayar wa wasunsu da ƴaƴan maraina cikin ciki, inda ba su haɗe da jijiyoyinsu na asali ba. Waɗanda aka mayar wa suka yi zanko, suka yi cara, suka yi faɗa. Sauran ba su yi ba. Ke nan ta jini saƙon ya bi. A 1855 Claude Bernard na Faransa ya yi maganar zubar da sinadari ta cikin jiki. A 1902, a Landan, William Bayliss da Ernest Starling suka nuna cewa hanji yana aika wa pankereyas wani sinadari ta jini, kuma a 1905 Starling ya yi amfani da kalmar ormon, wadda aka samo daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zugawa ko tayarwa.

3. Manyan maɓuɓɓugai da aikinsu

3.1. Ipotalamis da ipofiz

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani yanki da ake kira ipotalamis, inda hanyoyin nan biyu suke haɗuwa. Shi yake lura da zafin jiki, da ƙishirwa, da yunwa. A jikinsa ipofiz take rataye, maɓuɓɓuga ce wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, nauyinta kimanin rabin gram. Sashenta na gaba yana fitar da ormon ɗin girma, da prolaktin mai sa nono ya kawo ruwa, da wasu huɗu masu ba da umurni ga sauran maɓuɓɓugai: TSH ga tiroyid, ACTH ga na kan ƙoda, FSH da LH ga na haihuwa. Sashenta na baya yana sakin ormon biyu waɗanda ipotalamis ya haɗa. Ɗaya shi ne ositosin, mai tsuke mahaifa lokacin naƙuda da bayanta, mai kuma tunkuɗo nono. Shi ne bayanin abin da ungozoma ta sani. Ɗayan shi ne vazopresin, mai umurtar ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa a zafin bazara, ko da yammacin ranar azumi, fitsari yakan ragu ya yi duhu.

3.2. Tiroyid da paratiroyid

Tiroyid tana gaban wuya, a ƙasan maƙogwaro, tana da ɓangare biyu dama da hagu, nauyinta gram 15 zuwa 25 ga babba. Ormon ɗinta, T4 da T3, su ne ke ƙayyade saurin da jiki yake ƙona abinci ya mayar da shi ƙarfi da ɗumi. A bayanta akwai wasu ƴan ƙanana, galibi guda huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, ana ce musu paratiroyid. Su ne ke kula da yawan kalsiyom cikin jini, wanda ƙashi da tsoka da zuciya suke bukata.

3.3. Na kan ƙoda

Kowace ƙoda tana da wata ƴar maɓuɓɓuga bisa kanta, mai nauyin gram 4 zuwa 5. Cikinta yana fitar da adrenalin, wanda ke sa gaba ya faɗi, zuciya ta yi sauri, jiki ya shirya gudu ko faɗa, in mutum ya taka maciji alal misali. Ɓawonta kuwa yana fitar da kortizol, mai taimakon jiki ya jure wahala, da yunwa, da ciwo, da kuma aldosteron, mai riƙe gishiri da ruwa. Kortizol yakan yi yawa da asuba, ya ragu da tsakar dare.

3.4. Pankereyas

Pankereyas tana kwance a bayan tumbi, kuma ba ita ce saifa ba, ko da yake akan haɗa su a magana. Mafi yawanta ruwan narkar da abinci take zubawa cikin hanji ta magudana. Amma a warwatse cikinta akwai ƴan tsibirai kimanin miliyon guda, waɗanda Paul Langerhans ya fara bayyanawa a 1869. Ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinta ba, amma su ne ke fitar da ansilin mai rage sukarin jini, da gulukagon mai ƙara shi.

3.5. Na haihuwa da sauransu

Ƴaƴan maraina suna fitar da testosteron, mai kawo gemu, da kaurin murya, da ƙarfin tsoka. Gidan ƙwai na mace yana fitar da estrojen da projesteron, masu tsara al'ada da shirya mahaifa. In ciki ya shiga, mabiyiya takan zama maɓuɓɓuga ita ma, kuma ormon ɗinta ne ake nema cikin fitsari wajen awon ciki. Bugu da ƙari, wasu sassan da aka sani da wani aiki daban su ma suna fitar da ormon: ƙoda tana aika wa ɓargo umurnin ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kitse kuma yana fitar da leptin, wanda aka gano a 1994, mai gaya wa ƙwaƙwalwa yawan abin da jiki ya ajiye.

4. Ƙa'idar awo

Ormon ba ya bukatar yawa. Ana auna shi da mikrogram, wato kashi ɗaya cikin miliyon na gram, ko ma abin da bai kai haka ba. Saboda haka ragi kaɗan ko ƙari kaɗan yana iya zama cuta, kuma dole jiki ya kasance yana awo dare da rana.

Mu dubi mai ban ruwa a garka. Yakan buɗe wa fangali ruwa, ya tsaya yana kallo. In ya cika sai ya toshe, in ƙasa ta bushe ya sake buɗewa. Ruwan da ke cikin fangalin shi ne ke gaya masa abin da zai yi. Haka maɓuɓɓugai suke aiki, kuma wannan muke nufi da ƙa'idar awo: sakamakon umurni yana komowa wurin mai umurni, ya sa shi ya rage ko ya ƙara.

Ga yadda abin yake ga tiroyid. Ipotalamis yana tayar da ipofiz, ipofiz ta saki TSH, TSH ya sa tiroyid ta haɗa T4 da T3. In waɗannan suka isa cikin jini, ipotalamis da ipofiz sukan ji, su rage umurni. In suka yi ƙaranci, TSH ya hau. Wannan ne ya sa likita yakan fara da awon TSH: in ya yi sama, galibi tiroyid ce ta gaza, in ya faɗi ƙasa ƙwarai, galibi ta wuce kima ne.

Wani lokaci kuma matsalar tana can sama. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, jinin da ke zuwa ga ipofiz yana iya yankewa har wani sashenta ya mutu. Harold Sheehan ya bayyana wannan a 1937. Alama ta farko ita ce nono ba ya kawo ruwa. Daga bisani al'ada ba ta dawowa, gashin hammata da na mara ya zube, kasala da jin sanyi su yi yawa, domin tiroyid da na kan ƙoda da gidan ƙwai duk sun rasa mai ba su umurni. Akan ɗauki irin wannan mace shekaru ana cewa haihuwa ce ta raunana ta, alhali ana iya mayar mata da ormon ɗin da ta rasa ta hanyar magani.

5. Maƙoƙo

5.1. Yadda yake tasowa

Tiroyid ba ta iya haɗa ormon ɗinta sai da iyod. Lambobin da ke cikin sunayen ma shi suke ƙirgawa: T4 yana ɗauke da iyod huɗu, T3 uku. Jiki ba ya ƙera iyod, daga abinci yake samunsa. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, babba yana bukatar mikrogram 150 a rana, yaro ɗan ƙasa da shekara 6 mikrogram 90, ɗan shekara 6 zuwa 12 mikrogram 120, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. In muka lissafa na babba a shekara 70, bai cika gram 4 ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Sai dai ana bukatarsa a kai a kai, domin ajiyar jiki duka ba ta wuce miligram 15 zuwa 20 ba.

In iyod ya yi ƙaranci, T4 yakan ragu. Ipofiz ta ji, ta ƙara TSH. Tiroyid ta yi ta ƙoƙari, ƙwayoyinta su ƙaru su kumbura domin su kama ɗan iyod ɗin da ke wucewa cikin jini. Tun da abin haɗawa bai isa ba, umurnin ba ya tsayawa, kumburin kuma ya ci gaba shekara da shekaru. Wannan shi ne maƙoƙo. Ya fi kama mata, musamman lokacin balaga da ciki da shayarwa, saboda a lokutan ne bukata take hauhawa.

5.2. Dalilin ƙarancin iyod

Teku ce babbar ma'ajiyar iyod a duniya. Kifin teku da tsiron teku suna da shi da yawa. A cikin tokar tsiron teku ne ma Bernard Courtois ya gano shi a Faransa a 1811. Ƙasar noma kuwa, ruwan sama da ambaliya sun daɗe suna wanke nata, musamman a yankunan duwatsu da na nesa da teku. In ƙasa ba ta da shi, hatsin da ya tsiro a kanta ba shi da shi, haka nonon saniyar da ta ci ciyawarta. Nijar ba ta da bakin teku, kuma mafi yawan magidanta abin da gonarsu ta ba su suke ci.

Akwai kuma abincin da ke tsananta matsalar. Binciken da aka yi a Darfur ta Sudan a shekarun 1980 ya nuna cewa hatsi, wato gero, yana ɗauke da wasu sinadarai, musamman cikin dusarsa, masu rage wa tiroyid ikon sarrafa iyod. A arewacin Kwango kuma an nuna cewa rogo mai ɗaci da ba a jiƙa shi sosai ba yana hana tiroyid kama iyod. Wannan ba dalili ba ne na barin fura da tuwo. Illar tana bayyana ne inda iyod ya riga ya yi ƙaranci. In ya wadata, ba ta da wani ƙarfi.

5.3. Ɓarnar da ido ba ya gani

Kumburin wuya shi ake gani, amma asarar da ta fi girma tana cikin mahaifa. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana bukatar ormon ɗin tiroyid domin ta ginu. A watannin farko na ciki tasa tiroyid ba ta fara aiki ba, da na uwa ya dogara. Bayan ta fara ma, daga uwa iyod yake zuwa masa. In ƙarancin ya yi tsanani, ana iya yin ɓari, ko a haifi jariri ba rai, ko a haifi yaro mai taɓin ƙwaƙwalwa, wada, wani lokaci kurma kuma bebe. In bai yi tsanani ba, yaro yakan taso kamar kowa, sai a lakwal a ga fahimtarsa ba ta kai yadda ya kamata ba, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ƙarancin iyod a matsayin babban sanadin naƙasar ƙwaƙwalwa wanda ake iya kaucewa. Abin da ya lalace cikin ciki kuwa ba ya gyaruwa daga baya, saboda haka tun kafin mace ta ɗauki ciki ya kamata iyod ya wadata a gidanta.

5.4. Gishiri mai iyod

A 1895 Eugen Baumann ya gano cewa tiroyid tana tara iyod. Daga 1917 David Marine ya ba dubban ƴan mata ƴan makaranta iyod a garin Akron na Amurka, maƙoƙo ya ragu ƙwarai a cikinsu. Ƙasar Suwis ta fara sayar da gishiri mai iyod a 1922, Amurka ta bi a 1924. An zaɓi gishiri ne domin kowa yana cinsa kullum, mai kuɗi da talaka, kuma abin da suke ci bai bambanta sosai ba. Taron shugabannin duniya kan yara na 1990 ya ɗauki alkawarin kawar da ƙarancin iyod, kuma a cikin shekarun 1990 Nijar, kamar maƙwabtanta, ta kafa dokar da ta wajabta zuba iyod a gishirin ci. Abin da akan zuba miligram 20 zuwa 40 ne a kowane kilo.

Doka kaɗai ba ta kai iyod cikin tukunya. Gishirin gargajiya, irin na Bilma da Fashi da Tigidda da Foga, galibi yana isowa kasuwa ba tare da an ƙara masa kome ba, kuma gishiri, ko na teku ne, ba shi da isasshen iyod a karan kansa. Wanda aka zuba wa ma yana iya rasa shi in ya daɗe a buɗe cikin rana da laima, kamar yadda akan baza shi a tire ko a auna a tiya. Saboda haka ya kamata a sayi na cikin ƙunshi mai tambari, a ajiye shi a rufe a inuwa nesa da murhu. Akwai wani ruwan gwaji da ake ɗiga wa gishiri, in ya rine ya yi shuɗi to akwai iyod. Malaman lakwal da ma'aikatan kiwon lafiya suna iya nuna shi a gaban jama'a. Mu lura kuma, ba a ce a ƙara cin gishiri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar kada ya kai gram 5 a rana saboda hawan jini. Abin nema shi ne ɗan wanda ake ci ya zama mai iyod.

5.5. Ba kowane maƙoƙo ne na ƙarancin iyod ba

A cutar Bazdo, garkuwar jiki ce take ƙera wani abu mai kwaikwayon TSH, wanda ba ya jin umurnin tsayawa. Tiroyid takan yi ta zuba ormon: mutum ya rame alhali yana ci, zuciya ta yi ta bugawa, hannu ya yi kyarma, zufa ta yi yawa, idanu su firfito. Ƙara wa irin wannan iyod yana iya tsananta ciwon. A cutar Hashimoto kuwa garkuwar jiki tana lalata tiroyid a hankali, sai kasala, da jin sanyi, da bushewar fata, da taurin bayan gida. Akwai kuma ƙulli mai tauri wanda ke iya zama daji. Duk kumburin da ke girma da sauri, ko ya dushe murya, ko ya hana haɗiya da numfashi, a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba. Tsohon maƙoƙo da ya yi ƙulle-ƙulle ba ya sacewa da gishiri, wani sai an yi aiki. Tsaga ko sakiya a wurin kuwa haɗari ne babba, domin tiroyid tana cikin sassan da jini ya fi ratsawa, kuma manyan jijiyoyin wuya suna gefenta.

6. Ciwon sukari

Ƙa'idar awo ita ce ke riƙe sukarin jini. Bayan cin abinci sukari yakan hau, tsibiran pankereyas su saki ansilin, tsoka da kitse su ɗebe shi daga jini, hanta ta ajiye saura. In mutum ya daɗe bai ci ba, gulukagon yakan sa hanta ta fito da ajiyarta. Da haka mai lafiya yake wayar gari da sukari tsakanin gram 0,70 da 1,10 a kowace lita ta jini. In awon safe kafin karya kumallo ya kai gram 1,26 ko fiye har sau biyu, ana cewa akwai ciwon sukari.

Ciwon iri biyu ne manya. A na farko, wanda ya fi kama yara da matasa, ƙwayoyin da ke haɗa ansilin sun mutu, kuma ba a rayuwa sai da allurarsa. A na biyu, wanda ya ƙunshi kimanin kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, ansilin yana nan amma jiki ba ya amsa masa sosai. Ƙiba, da zama wuri guda, da gado suna da hannu a ciki. In sukari ya yi yawa ƙwarai yakan tsallaka cikin fitsari ya ja ruwa tare da shi, shi ya sa ake yawan fitsari da ƙishirwa, har kiyashi su taru inda aka yi fitsarin. Amma iri na biyu yana iya shekaru ba alama, yana cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

A 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare pankereyas, ya kamu da ciwon. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tace ansilin a Toronto ta Kanada, kuma a watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya rayu. Sai dai allura ba ta awo da kanta kamar pankereyas. Wanda ya yi ta bai ci abinci ba, sukarinsa yana iya faɗuwa, ya yi zufa da kyarma, har ya suma. Saboda haka mai allura ya riƙa yawo da ƴan ƙwayoyin sukari, kuma ya shawarci likita kafin ya ɗauki azumi.

7. Ƙwayoyin ƙiba da man sauya fata

Misalinmu na ƙarshe shi ne abin da ke faruwa in ormon ya shigo daga waje. Tun 1948, lokacin da Philip Hench ya fara ba masu ciwon gaɓoɓi kortizon a Amurka, magungunan dangin kortizol suna ceton rayuka a hannun likita. Amma a kasuwanninmu ana sayar da su a tebur da kan keke, wasu mata suna shansu domin su yi ƙiba, musamman gab da aure ko bayan haihuwa. Deksametazon, wanda ya fi yawa a cikinsu, ya fi kortizol na jiki ƙarfi kimanin sau 25. Wasu mayukan sauya launin fata su ma suna ɗauke da danginsa, irin su kilobetazol, kuma fata tana tsotsarsu zuwa jini.

Ƙibar da suke kawowa ta cuta ce: fuska ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, ƙafafu da hannuwa su sirance, fata ta yi laushi ta tsattsage, jini ya hau, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni, ciwo ya daɗe bai warke ba. Akwai kuma haɗarin da ƙa'idar awo kaɗai ke bayyanawa. Ipofiz ba ta bambanta kortizol na jiki da na ƙwaya. Da ta ji ya yi yawa sai ta daina aika ACTH, na kan ƙoda kuma su daina aiki, su motse. In mai sha ta daina rana ɗaya bayan makonni ko watanni, jikinta ba shi da na waje ba shi da na ciki: amai, da jiri, da faɗuwar jini, wani lokaci har mutuwa, musamman in zazzaɓi ko naƙuda ta same ta a wannan hali. Wadda ta riga ta saba da su kada ta yanke da kanta. Ta je a rage mata kaɗan kaɗan har maɓuɓɓuganta su farfaɗo, kuma ta gaya wa likita ko ungozoma gaskiyar abin da take sha ko shafawa.

8. Kammalawa

Mun ga cewa maɓuɓɓugan ormon suna aiki ne da umurni da komowar labari. A maƙoƙo abin haɗawa ne ya gaza, umurni ya yi ta hauhawa. A ciwon sukari saƙon ne ya ɓace, ko aka daina jinsa. A ƙwayoyin ƙiba saƙon waje ne ya rufe bakin na ciki. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida zai iya bayyana wa jama'a dalilin shawarar da ake ba su, kuma mutane sun fi bin shawarar da suka san dalilinta.

Ga malaman lakwal, da masu koyar da yaƙi da jahilci, da ma'aikatan ɗakunan shan magani na karkara, muna ganin abubuwa huɗu sun cancanci a riƙa maimaitawa: gishiri mai iyod a kowane gida, tun kafin mace ta ɗauki ciki, awon sukari ga wanda ya manyanta, ko mai ƙiba, ko wanda ciwon yake cikin danginsa, kai macen da nononta bai kawo ba bayan zubar jini wurin likita, da barin ƙwayoyin ƙiba ta hanyar ragewa a hannun masani. Kalmomin da muka yi amfani da su a nan, irin su maɓuɓɓuga da makarɓa da ƙa'idar awo, shawara ce muka gabatar, kuma muna fatan masu aiki da Hausa a fagen kiwon lafiya za su gwada su a aji da gidan likita, su gaya mana waɗanda suka zauna a bakin mutane.